Ƙasa da Minti Hamsin

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa na bar bawan Allah tsaye a layin tashi kwana uku cikin gajeren wando, na ji ƙorafinku. Wata ma cewa ta yi idan sanyi ya kama shi alhakinsa na wuyana. To ku matsa gefen titi, yau zai tashi.

*

Da aka busa usur, Mai Agogo bai ji ƙararsa ba. Ƙafafu ya ji. Ƙafafun mutum ɗari huɗu suka sauka kan kwalta lokaci guda, kamar farkon ruwan sama a kan kwano, sai kawai ya ga titi ya fara tafiya da shi.

Kilomita goma ne. Sau tara yana shiga wannan tsere na garinsu, shekara bayan shekara, sau tara kuma agogon ƙarshen layi yana yi masa rowa. Mafi kyawun abin da ya taɓa samu shi ne minti hamsin da ɗaya da sakan goma sha biyu. Shi ba kofi yake nema ba, ba hoto ba. So yake sau ɗaya a rayuwarsa ya ɗaga kai ya ga lambar farko huɗu ce, ba biyar ba. Ko arba'in da tara da sakan hamsin da tara aka ba shi, ya gode.

Kuma yau ce damar ƙarshe.

Wata takwas da suka wuce Likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya daɗe bai ɗaga ba. Da ya ɗaga sai ya ja kujera ya matso kusa, irin matsowar da ba ta zuwa da labari mai daɗi.

"Akwai wata 'yar ƙofa a zuciyarka da ba ta rufuwa daidai. Za mu sa mata ido, in lokaci ya yi mu yi aiki. Ka yi tafiya, ka yi sassarfa, ba laifi. Amma kada ka matsa wa kanka. Tsere kuwa, ka cire shi daga ranka."

Yanzu lokacin ya yi, wata mai zuwa za a yi aikin. Shi kuwa tun ranar da ya dawo daga asibiti ya ce wa matarsa gwiwa ce. Har ɗingishi ya ƙirƙiro, ya yi shi kwana biyu, a na uku ya manta wace ƙafar ce, ya haƙura.

Gari ya yi masa wani iri da safiyar nan. An tare motoci tun asuba. Titin da ya saba raɓawa ta gefensa yau shi ne a tsakiyarsa, yana taka farin layin nan da bai taɓa tsallakawa ba sai da sauri yana waige-waige. Daga tsakiya gidaje sun fi tsayi. Ya hango wata taga a bene na uku mai shuɗin labule, shekara ashirin yana wucewa ƙarƙashinta bai san da ita ba. Wata tsohuwa ta jingina a bakinta da kofi a hannu, tana kallonsu suna malala a ƙasa, ba ta tafa ba, ba ta kuma ɗauke ido ba.

Tsintsiyar hannunsa babu komai. An sha yi masa dariya a kan wannan, mai gyaran agogo yana gudu ba agogo. Amma shi ya san halinsa. In ya ɗaura, ba gudu zai yi ba, dubawa zai yi, duk taku goma sai ya leƙa, har ya fara jin haushin hannun sakan. Don haka aikin lokaci na matarsa ne. Kullum bayan asuba za ta sauko daga benen da suke zaune ta tsaya a ƙofar shagon, riƙe da tsohon agogon tsere na azurfa, wanda shi da kansa ya warware, ya wanke, ya mayar. Ya tashi ta danna. Ya zagayo kilomita gomansa ya dawo, ta danna. Agogunan da ke rataye cikin shagon kuwa ba a tambayarsu, marasa lafiya ne aka kawo jinya, kowanne da lokacin da yake faɗa. Shi ya sa ya raɗa mata Alƙaliya. Abin da ta yanke, shi ke nan.

A wata takwas ɗin nan hukuncinta sai daɗi yake ƙarawa. Hamsin da uku. Hamsin da biyu. Hamsin da ɗaya da rabi. Makonni shidan ƙarshe bai sake taɓa hamsin ba, kuma ba tare da ya matsa ba, numfashi a kwance, ƙirji shiru. Har ya fara cewa a ransa Likitan nan ya cika tsoro. Jikinsa ya haddace takun nan kamar karatu, abin da ya rage yau ya biya shi a gaban jama'a.

Gabansa kaɗan wani dogon mutum na gudu da jan balan-balan ɗaure a ƙugu, an rubuta hamsin a jikinsa. Masu shirya tseren ne suka sa shi, duk mai neman minti hamsin sai ya manne masa. Kafin su kai shataletalen farko, balan-balan ya fara nisa.

"Yaya, abin can yana tafiya fa."

Direba ne, abokin gudunsa na ranar Lahadi. Direban bas ne, yana da ƙaton ƙirji da bakin da ba ya gajiya ko ƙafa ta gaji. Mai Agogo ya girme shi da shekara goma, shi ya sa yake ce masa Yaya.

"Bar shi," in ji Mai Agogo. "Gaggawa yake. Zai ƙona mutanensa kafin su kai gada."

"Nawa agogon cewa yake mu ne ke jan ƙafa."

"Agogonka da sai ya tambayi tauraron ɗan'adam kafin ya faɗi lokaci? Kawo shi shago ran Litinin."

"Ka taɓa min shi ka ga faɗa."

Suka yi 'yar dariyar masu tsimin numfashi, suka ci gaba. Kilomita biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Ƙamshin burodi ya biyo su daga wani gidan gashi ya raka su har kwanar makaranta. A teburin ruwa ya karɓi kofin takarda, ya matse bakinsa kamar yadda ya koya, ya kurɓi biyu, ya zuba sauran a ƙeya. Komai na tafiya yadda ya tsara. Har ya fara ganin kansa a ƙarshen layi, yana ɗaga kai a hankali, ba gaggawa, don ya ga lambar da kyau.

A rabin hanya an kafa ƙaton agogo mai jajayen lambobi a saman wata mota. Ya san abin da zai gani: ashirin da huɗu da 'yan kai.

Ya ɗaga ido.

Ashirin da shida da sakan talatin da takwas.

Kun san hali ba ya ɓuya. Abin da ya fara zuwa ransa ba tsoro ba ne, tausayin masu motar ne.

"Agogon nan yana sauri," ya ce. "Wa ya saita musu shi?"

Direba ya miƙo masa tsintsiyar hannu ba tare da ya rage gudu ba.

"Duba nawa."

Ashirin da shida da arba'in.

"Biyu ba sa yin kuskure iri ɗaya, Yaya."

"Da wannan takun nake yin arba'in da tara."

"Da wannan takun hamsin da uku za mu yi. Tun ɗazu nake faɗa maka."

Mai Agogo ya mayar da ido kan titi. Kansa ya riga ya shiga lissafi. Minti ɗaya da rabi da ɗoriya yake baya, kilomita biyar suka rage. Ya ji muryar Likita daf da kunnensa, kada ka matsa wa kanka. Ya ji ta sarai, ya kuma yi mata abin da yake yi wa mai kawo agogo yana koya masa aiki, ya gyaɗa kai ya yi abin da ya ga dama.

Ya matsa.

Abin mamaki, ƙafafun ba su yi gardama ba. Kamar dama jira suke a tambaye su. Direba ya faɗi wani abu, muryar ta zo daga nesa, ta koma baya, ta ɓace. Titin ya gangara zuwa gada. Rana ta leƙo ta bayan tankin ruwa ta kwanta a kan kwalta, komai ya koma ruwan zuma, har rigunan mutane. Ya wuce mutum ɗaya. Ya wuce uku a jere. Ya wuce wata mata mai farar hula da ke ƙirga numfashinta a fili.

A kan gada sauti ya ɗauke.

Yana ganin bakunan 'yan kallo na buɗewa, yana ganin tafukan hannu na haɗuwa, amma babu abin da ke isowa gare shi. Abin da ya rage a duniya takunsa ne da bugun da ke ƙirjinsa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai ya ga kamar shagonsa ne ya fito ya jeru a bakin gadar, agogunan bango gaba ɗaya, mai tsuntsu da mai ƙararrawa da wanda mai shi ya rasu ba a zo an karɓa ba, kuma yau karon farko duk sun yarda da juna, hannayensu a wuri ɗaya. Daɗi ya ratsa shi har ƙashi.

Ya tuna shekarar da ya fara gudu, yana da arba'in da huɗu, da takalmin zuwa kasuwa. Ba don lafiya ya fara ba, don ido ne. Mutumin da ya wuni da gilashi manne a ido ɗaya yana bin sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, in ya fita da asuba ya ga titi ya miƙe har ƙarshen gani, ji yake an buɗe masa taga a ka. Wannan tagar ce ba ya so a rufe kafin ya ga lambarsa. Yana son gudun nan, so irin wanda yake jin kunyar faɗa wa mutane a shekarunsa.

Can gaba, a ƙarshen miƙaƙƙen titin, ya hango ɗigon ja yana rawa a iska. Balan-balan ne. Bai yi kusa ba, amma ya daina ƙara nisa.

Sannan bugun ya tsallake ɗaya.

Kamar mutum ya sa ƙafa a matakalar da babu ita. Ya dawo, ya buga uku da sauri, ya sake daidaita. Yatsun hannun hagunsa suka yi sanyi. Ya girgiza hannun, ya ce wa kansa ruwan da ya zuba a ƙeya ne ya gangaro, ya ci gaba. Kilomita ta shida ta wuce shi bai ga allonta ba. Gefen idanunsa ya fara yin hazo, tsakiyar kuma ta ƙara haske, har yana iya ganin tsakuwar da ke cikin kwalta ɗaya bayan ɗaya.

Kilomita ta bakwai ta layinsu take bi, ta ƙofar shagon. Sun tsara abin tun mako guda: Auta, 'yarsu, tana layin tashi, za ta kira uwarta a waya don ta ji usur ta danna. In ya zo wucewa Alƙaliya ta ɗaga murya ta faɗa masa lokaci, ya wuce abinsa.

Ya shawo kwana, ya gan ta. Tana tsaye inda take tsayawa kullum, cikin mayafinta ruwan ƙasa, hannu biyu riƙe da agogon.

"Alƙaliya, nawa?"

Ba agogon take kallo ba, leɓɓansa take kallo. Sai ta sauko daga dakalin shagon ta shigo titi, ita da ko tsallaka shi ba ta son yi.

Bai yi niyyar tsayawa ba. Ƙafafun ne suka ga fuskarta suka tsaya da kansu. Sauti ya dawo masa gaba ɗaya, tafi da takun mutane da wani huci mai ƙara, wanda sai daga baya ya gane nasa ne.

"Nawa?"

"Malam, zauna tukuna."

"Nawa, na ce."

Ta juyo masa da fuskar agogon. Talatin da shida da sakan ashirin. Ya dafa gwiwoyinsa, maganar na fita gutsure-gutsure.

"Na kan mota... ashirin da shida da rabi... a rabin hanya. Na Direba ma haka. Da takun da nake yi kullum. Wanda kike ce min arba'in da tara."

"Na sani."

"Wannan agogon ni na wanke shi. Kwana uku ina gwada shi, sakan ɗaya bai ci ba."

"Agogon lafiyarsa ƙalau."

"To mene ne?"

"Ni ce."

Ya ɗago ya dube ta. Ta mayar da hannunta da agogon ƙarƙashin mayafi, ta ja mijin da ɗaya hannun zuwa gefen titi don kada masu gudu su bangaje su.

"Ba na dannawa in ka tashi," ta ce.

"Ban gane ba."

"Watan farko sai ka sha kwana nake dannawa."

"Kwanar mai wanki?"

"Ita. Daga baya na ga bai isa ba, sai na koma sai na hau sama na ɗora ruwan zafi."

"Ruwan zafi."

"Da ka fara maganar tseren nan, na ƙara da sharar ƙofar shago. Makonnin nan kuwa har shanya nake yi, sannan in danna."

Shekara talatin yana gano abin da ke damun agogo daga jin bugunsa kawai. Wannan ya buɗe cikinsa, ya duba kowane haƙori, ya sa masa mai, bai taɓa tunanin duba yatsan da ke danna shi ba.

Direba ya iso, yana huci, rigarsa sharkaf.

"Yaya, lafiya? Gwiwar ce?"

"Wuce," in ji Mai Agogo, bai ko kalle shi ba. "Ina zuwa."

Direba ya dubi matar, ya dubi mijin, ya gane wannan ba tashar da zai tsaya ba ce. Ya wuce.

"Minti nawa kike ci?"

"Ƙarshe-ƙarshen nan, uku da rabi. Wata rana huɗu."

"Huɗu." Ya maimaita a hankali. "Ina dawowa ina rawa a ƙofar nan kamar yaro, kina kallona."

"Ina kallonka."

"Na faɗa wa Direba. Na faɗa wa Auta. Har mai wanki na faɗa wa."

"Na ji ka."

"Dariya kike min?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To don me?"

Wasu mutum biyar suka wuce a dunƙule, ɗaya ya ɗaga musu hannu.

"Don in ka ji lamba mai daɗi ba ka ƙarawa," ta ce. "In na ce hamsin da uku, gobe sai ka fita kamar ana korarka. In na ce arba'in da tara, sai ka tafi a hankali, ka dawo da launin fuskarka. Na rasa yadda zan rage maka gudu, sai na ce maka ka riga ka kai."

"Gwiwa ce fa. Gwiwa ba ta kashe mutum."

"Baban Auta."

Ba ta kiransa haka sai magana ta kai maƙura. Ya ji sanyin yatsunsa ya haura har gwiwar hannu.

"Gwiwa ba ta sa mutum ya tsaya a tsakiyar matakala yana yi kamar takalmi yake gyarawa."

"Wa ya faɗa miki? Likita?"

"Ba wanda ya faɗa min."

"To ta yaya?"

"Shekara ashirin da shida kaina na kusa da ƙirjin nan. Matar mai agogo ce ni. Na san yadda yake bugawa, na kuma san ranar da ya fara tsallake."

Ya kawar da kai. Kunya ta kama shi, ta zo tare da haushi, ya rasa wanne zai fara ji.

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Kai me ya sa ba ka yi ba?"

"Da kin hana ni."

"Da na hana ka, da ka fita ba da sanina ba, babu mai tsayawa a ƙofa ya ga ko ka dawo. Na zaɓi in riƙe agogon."

"Kin ci min wata takwas."

"Na sani."

"Da na san gaskiya da na ƙara himma. Kin ga abin da na yi daga gada zuwa nan? Ƙafafun suna da shi. Da yanzu ina gaban balan-balan can."

"Shi ya sa."

Ya dubi ƙarshen layin. Ɗigon jan ya tafi, babu ko alamarsa. Bai buƙaci agogo ba, kansa ya ba shi lissafin: sun ci fiye da minti biyu a tsaye. Ko saurayi ɗan ashirin ne shi, kilomita ukun da suka rage ba za su shiga abin da ya saura ba. Hamsin ta wuce. Abin da ya yi shekara goma yana bi ya wuce shi a ƙofar shagonsa, yana tsaye yana kallo. Idanunsa suka cika, bai goge ba.

"Shi ke nan," ya ce. "Zan shiga ɗakin aiki ban taɓa yi ba."

"Ka yi."

"Me?"

"Ka taɓa yi. Sau ɗaya."

Ya juyo.

"Ka tuna safiyar da hadari ya haɗo, mako uku da suka wuce? Da na ce kada ka fita, ka ce za ka riga ruwan dawowa?"

Ya tuna. Iska na kaɗa allunan shaguna, sama ta yi baƙi ta gabas, shi kuma yana tsere da ita tun daga shataletale. Ɗigon farko a kafaɗarsa ya sauka daidai ƙofar nan. Ya zauna a matakala ya kasa hawa sama, kunnuwansa na ƙara.

"Ranar hankalina na kan hadarin," ta ce. "Kana tashi na danna, ban ma san na danna ba. Sai da ka dawo na ga abin da na yi."

"Arba'in da tara da hamsin da ɗaya," ya ce a hankali.

"Har faɗa ka yi."

Ya yi kuwa. Ya ce ta yaya zai zuba duk ƙarfinsa ya sami abin da bai kai na jiya ba, da ya yi shi yana waƙa a zuci. Ya wuni yana ɗaure fuska ga masu kawo gyara.

"Wannan naka ne," ta ce. "Babu shara a ciki, babu ruwan zafi. Ka yi shi, ni na gani. Zo ka zauna."

Wani abu mai ɗumi ya taso masa daga ciki. Ya ga safiyar kamar yanzu, baƙin hadari a bayansa, titi fayau a gabansa, shi kaɗai. Har ya fara murmushi. Sai murmushin ya tsaya a rabi.

"Alƙaliya."

"Na'am."

"Kalle ni. Ranar nan da gaske kin danna a kan lokaci?"

"Na faɗa maka."

"Kin faɗa min arba'in da tara sau arba'in."

Ta kama damtsensa.

"In na ce eh, za ka zauna?"

"In kin ce eh, abin da zan sani kawai shi ne kina so in zauna."

"In na rantse fa?"

"Kada ki rantse. Na san za ki iya ɗaukar zunubi saboda ni, ba na so."

Hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka zubo. Ba ta yi ƙara ba.

"To ban san abin da zan ce maka ba, Baban Auta. Gaskiyar ɗaya ce tak nake da ita, na kuma ɓata ta da hannuna."

Can ƙasan layin motar asibitin da ke bin bayan tsere ta shawo kwana, tana tafe a hankali, fitilarta na juyawa ba jiniya. Masu gudu sun fara ƙaranci, waɗanda ke wucewa yanzu masu ja da ƙyar ne. Ƙirjinsa ya lafa kaɗan. Ya saurara, ya ji bugun ya tsallake, ya dawo.

"Kilomita uku suka rage," ya ce.

"Hamsin ta riga ta wuce."

"Na sani. Amma in na yi ukun nan yadda na yi daga gada, zan san ko mutumin ranar hadari ni ne."

"In kuma ba ka iso ba?"

Hannunta ɗaya na kan damtsensa, ta riƙe shi da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Ya sa nasa hannun ya ɗaga yatsunta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake ɗaga murfin agogon da yake tsoron ya fasa. Ba ta mayar da su ba.

Ya juya. Rana ta cika layin, kwalta na sheƙi har kwanar mai wanki. Ya sa ƙafa ɗaya a kan titi.

A bayansa, daga ƙarƙashin mayafi, ya ji ƙit.

Shi ya gyara maɓallin nan da hannunsa, ya kuma san tashi da tsayawa sautinsu ɗaya ne. Tun da ta ɓoye agogon bai ga ko yana tafiya ba, don haka bai san ko tsayar da shi ta yi ba, ko kuwa yanzu ta fara ƙirga masa.

Bai waiga ba.